Wat Dubu Da Tambarin Zinare: Tsokaci Kan Yadda Muke Zaɓen Akwatin Wutar Kwamfutar Wasa

Duk ɗalibin da ya taɓa neman shawara kan harhaɗa kwamfutar wasa a nan Riyad ya san amsar da ake ba shi idan aka zo kan akwatin wuta, wato ƙarfen nan mai fanka da ke karɓar wutar bango, ya rage mata ƙarfi, ya rarraba wa sauran sassan kwamfuta. Masu gyara a gida suna kiransa fawa-fak, Larabawan shago kuma su ce bawar-sablai. Amsar ba ta wuce jimla biyu: ka nemi mai wat da yawa, kuma ka tabbata yana da tambarin Gold. Wannan shawara ce nake son in yi wa tsokaci a wannan fitowa, domin a ganina an ɗinka ta ne daidai jikin mutumin da ke zaune a ƙasa mai sanyi da tsayayyiyar wuta, ba daidai jikin ɗan Kano ko ɗan Maraɗi da ke haya a tsohuwar unguwa irin tamu ta Jaradiya ba, wanda nan da shekara biyu ko uku zai naɗe kayansa ya koma gida.

Na san akwai 'yan'uwa da za su ce, to karatu ya kawo mu ƙasar nan ko wasa? Ba zan yi jayayya da su ba, suna da hujjarsu. Sai dai mai karatu ya sani cewa muna zaune ne a birnin da aka fara bikin Gamers8 a 2022, kuma aka shirya gasar cin kofin duniya ta wasannin kwamfuta a 2024, saboda haka ko an so ko an ƙi, ƙannenmu za su harhaɗa injinan nan. Kuma injin da ake buga ƙwallo a kansa bayan isha'i, shi ne dai wanda kundin digiri yake kwance a cikinsa, shi ne wanda ɗalibin injiniya yake zane a kansa. Idan ya ƙone, ba wasa kaɗai ya ƙone ba.

Mu fara da yadda cinikin yake gudana. Ɗalibi ya yi wata da watanni yana tsimin ɗan alawus ɗin da jami'a take ba shi, ya ɗauki abokinsa su nufi kasuwar kwamfuta ta Ulayya. Kaso mafi tsoka zai tafi wajen katin hoto, sai furosesa, sai gidan kwamfuta mai gilashi da fitilu masu canza launi kamar motar amarya. Abin da ya saura a aljihu shi ne rabon akwatin wuta. To amma a duk cikin sassan nan, katin hoto idan ya mutu shi kaɗai yake mutuwa, haka ma'adanar bayanai, haka fanka. Akwatin wuta ne kaɗai yake da wayar da ta taɓa kowa, saboda haka shi ne wanda idan ajalinsa ya zo yake iya jan maƙwabtansa su tafi tare. Shawarar wat da tambari ta zo ne don ta gyara wannan sakaci, kuma ta nan ta yi abin kirki. Matsalarta ita ce ta koya wa mutane duban lambobi biyu da suka fi sauƙin bugawa a jikin kwali, ta bar waɗanda suka fi amfani.

Batun wat tukuna. Lambar da aka rubuta da manyan baƙaƙe a jikin kwali jimilla ce ta hanyoyin wuta daban-daban da akwatin yake fitarwa: akwai ta bolt 3.3, akwai ta bolt 5, akwai ta bolt 12. A zamanin da kamfanin Intel ya fito da tsarin ATX a 1995, ƙananan hanyoyin nan biyu su ne suke ɗauke da yawancin nauyi. Tun daga zuwan Pentium 4 a shekarar 2000 nauyin ya fara komawa kan bolt 12, kuma a yau furosesa da katin hoto, waɗanda su ne manyan maciya wuta, duk daga nan suke sha. Saboda haka wanda yake son gaskiya sai ya juya akwatin ya dubi ƙaramin jadawalin da ke gefensa, ya nemo amfiya nawa aka rubuta a ƙarƙashin 12, ya ninka da 12. Idan an rubuta wat 600 a gaba, amma a jadawali ka ga amfiya 30, to wat 360 ke nan kake da shi a inda ake bukata, sauran cikon baki ne. Akwati na ƙwarai za ka tarar hanyar 12 ɗinsa ita kaɗai ta kusa cika dukkan lambar da ke kan kwali. Wannan lissafi ba ya cin minti ɗaya, amma ban cika ganin mai yin sa a bakin shago ba.

Sannan shin wa yake bukatar wat dubu? Katin RTX 4060, wanda shi da sa'o'insa ne yawancinmu muke iya kai wa, wat 115 yake ci, kuma kamfanin Nvidia da kansa akwati mai wat 550 ya ba da shawara a haɗa shi da shi. RTX 3060 da ya gabace shi wat 170 ne. Sai ka hau can sama kafin ka sami RTX 4090 na 2022 mai cin wat 450, wanda aka ce a nema masa 850, ko RTX 5090 na 2025 mai cin 575, wanda shi ne aka ce a nema masa 1000. Ɗalibin da ke da kuɗin sayen waɗannan biyun ba ya bukatar nasihata, ni ne ma nake bukatar tasa. Mu sauran, idan aka haɗa kati da furosesa da fankoki da komai, da wuya injin ya wuce wat 350 ko da wasa ya yi zafi. Akwati mai 650 na kirki ya ishe shi har da rarar da za a canza kati nan gaba.

A nan dole in yi wa masu son wat da yawa adalci, domin akwai ƙamshin gaskiya a tsoronsu. Manyan katunan zamani suna da wata ɗabi'a ta fizgar wuta farat ɗaya, ninkin abin da suka saba ci, na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, kuma wannan fizga tana iya sa akwatin ya ɗauka gobara ce ya kashe kansa ana tsakiyar wasa. Amma maganin da masana'antar ta kawo ba ƙarin lamba ba ne. A 2022 Intel ya fitar da ƙa'idar ATX 3.0, aka gyara ta zuwa 3.1 a 2023, inda aka shar'anta cewa akwatin da ya haura wat 450 kuma yake da sabuwar wayar katin hoto ya iya jure ninki biyu na ƙarfinsa na ɗan wannan taƙin. Ke nan mai 750 da aka gina bisa wannan ƙa'ida ya fi tsohon mai 1000 da ba a san asalinsa ba kwanciyar hankali.

Yanzu sai tambarin, wanda shi ne ya fi ɗaure mini kai yadda muka mayar da shi kamar shaidar limami. Shirin 80 Plus ya fara ne a Amurka a 2004, kuma manufarsa tsimin lantarki ce, ba kare kwamfutarka ba. Abin da yake aunawa shi ne, a cikin wutar da akwatin ya ja daga bango, kashi nawa ne ya isa cikin kwamfuta, kashi nawa ya salwanta ya zama zafi. Wanda ya isar da kashi 80 cikin 100 a ƙaramin nauyi da matsakaici da cikakke ya ci jarrabawa. A 2008 aka ƙara matakan Bronze da Silver da Gold, daga baya Platinum da Titanium suka biyo. A matsakaicin nauyi, bisa awon wutar Amurka, Bronze yana bukatar kashi 85, Gold kuma kashi 90. Iyakar labarin ke nan. Tambarin bai ce komai ba game da tsabtar wutar da ke fitowa, bai ce komai ba game da ingancin kayan ciki, bai ce ko akwatin zai kashe kansa cikin mutunci idan abu ya ɓaci ko kuwa zai yi bindiga ba. Kuma kamfani ne da kansa yake zaɓar samfurin da zai aika a gwada.

Bari mu buga lissafin tsimin a kuɗin ƙasar nan, mu ga abin da ake ta hayaniya a kai. Injin da ke bukatar wat 350, idan akwatinsa Bronze ne zai ja kimanin 412 daga bango, idan Gold ne kimanin 389. Bambancin wat 23 ne. Mu ƙaddara ana wasa awa 4 kullum, ba fashi, har shekara ta zagayo: abin da aka tsimi bai kai kilowat-awa 34 ba. Tun 2018 farashin wutar gida a Saudiyya halala 18 ne kowace kilowat-awa a matakin farko. Ka ga riyal 6 ke nan da 'yan kai a shekara guda, kuɗin shawarma ɗaya, in ma ya isa. Wanda ya ƙara kuɗi masu yawa don tambarin zinare da niyyar rage kuɗin wuta, to ya yi ciniki irin na mai sayen doki don ya huta da sayen takalmi.

Wanda kuma ya ƙara kuɗin da niyyar sayen aminci, sai ya tuna abin da ya faru a 2021. A shekarar ne masu gwajin kayan kwamfuta na Gamers Nexus a Amurka suka nuna wa duniya yadda akwatunan Gigabyte samfurin GP-P750GM da GP-P850GM suke tartsatsi suna mutuwa a wajen gwaji, har kamfanin ya buɗe ƙofar musanya wa waɗanda suka saya. Dukkansu biyun suna ɗauke da tambarin Gold, kuma wat ɗinsu ba kaɗan ba ne. Duk sharuɗɗa biyun da ake gindaya mana sun cika su. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Ba ina cewa tambarin banza ba ne. Yana da amfani ɗaya da ya shafe mu kai tsaye, sai dai ba shi ake faɗa mana ba. A lissafin da muka yi a sama, Bronze yana mayar da wat 62 zafi a cikin cikinsa, Gold kuma wat 39. To zafi shi ne abokin gabarmu na farko, kuma nan ne nake son mai karatu ya tsaya ya yi tunani.

A cikin kowane akwatin wuta akwai wasu 'yan gwangwanaye da ake kira kafasita, masu ruwan sinadari a ciki, su ne suke tace wuta su daidaita ta. Ruwan nan yana bushewa a hankali, kuma ƙa'idar da injiniyoyi suke aiki da ita ita ce, duk ƙarin digiri 10 na zafi yana raba tsawon ran kafasita gida biyu. Wanda ya yi hulɗa da kwamfuta a farkon shekarun 2000 zai tuna annobar kumburin kafasita da ta kashe injina bila adadin a duniya. Gwajin 80 Plus kuwa a ɗaki mai ni'ima ake yin sa, wajen digiri 23. Riyad a watan Yuli da Agusta ta saba wuce digiri 43 da rana. Gidajen da muke haya a Jaradiya da Shumaisi da kewayensu tsofaffin gine-gine ne, da na'urar sanyaya ɗaki irin ta taga mai rurin jirgi, wadda ake kashewa idan za a fita aji, a bar kwamfuta a kunne tana sauke wani abu. Iskar da akwatin yake shaƙa a irin wannan ɗaki ba ta da dangantaka da iskar ɗakin gwaji. Ka ƙara da ƙurar garin nan da ke toshe raga, ka kuma tuna cewa idan an koma gida akwai zafin Afrilu a Sakkwato da Kano, akwai hazon hunturu, kuma mai yiwuwa babu na'urar sanyi ko kaɗan.

Saboda haka lambar da ta fi dacewa mu nema ita ce digirin zafin da kamfani ya yi alkawarin akwatin zai ba da cikakken ƙarfinsa a kai ba tare da tsayawa ba. Nagartattu suna rubuta digiri 50 ko 40. Masu araha suna rubuta 30, wasu ma 25, wasu kuma su yi gum. Akwatin da aka auna a 25 ya ba da wat 600, idan ya shiga ɗakinmu ba 600 ba ne kuma. A nemi wanda kafasitocinsa na digiri 105 ne, ba na 85 ba. A kuma duba ko an ambaci kariyar da ke kashe shi idan zafi ya yi yawa, wadda ake rubutawa OTP, domin ita ce masu rage kuɗi suka fi saurin cirewa, alhali mu ita muka fi bukata.

Abokin gaba na biyu shi ne wutar bangon kanta, kuma a nan shawarar da ake ba mu ta yi shiru gaba ɗaya. Saudiyya ta daɗe tana tafiya da wuta iri biyu a gida ɗaya, bolt 127 da bolt 220. A 2010 majalisar ministoci ta yanke shawarar komawa tsarin 230, amma sauyin na a hankali ne, kuma a tsofaffin unguwanni har yanzu ana cin karo da gidan da soket biyu suke kama da juna alhali wutarsu ba ɗaya ba ce. Tsofaffin akwatuna, da wasu masu arha na yanzu, suna da wani ɗan jan makunni a baya da ake turawa tsakanin 115 da 230. Idan yana kan 115 aka soka shi a 220, ƙara ɗaya za a ji da ɗan hayaƙi, shi ke nan. Ganin wannan jan makunni kaɗai ya isa a ajiye akwatin, domin alama ce ta tsohon gini. Na zamani yana rubuta 100 zuwa 240 a gefensa, yana gane wutar da kansa, kuma bai damu da cewa wutar nan tana bugawa sau 60 a daƙiƙa ta gida kuma sau 50 ba.

Amma a lura, akwai wani tarko. Wasu akwatuna masu sauƙin kuɗi an yi su ne don ƙasashen 230 kawai, an rubuta 200 zuwa 240 da ƙananan baƙaƙe. A sabon gini a Riyad za su yi aiki lafiya lau, mai su ba zai taɓa sanin akwai matsala ba. Ranar da aka kai su gida ne jiki zai gaya musu. Duk wanda ya tashi a Kano ko Zariya ya san abin da ake kira ƙaramar wuta, lokacin da taransifoma ta ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinta, ƙwan fitila ya koma ja kamar garwashi, fanka tana juyawa kamar mai jin barci. A takarda wutar Najeriya 230 ce, ta Nijar 220, amma abin da ke isowa ɗaki wani labari ne daban. Akwati mai karɓar 100 zuwa 240 zai ci gaba da aikinsa a irin wannan hali, wancan kuwa zai yi ta mutuwa yana farfaɗowa har ya gaji. Ga ɗalibin da zai koma gida, wannan layi ɗaya ya fi tambarin zinare daraja nesa ba kusa ba.

Akwai kuma batun janareto da inbata, tunda da su za a rayu. Ƙaramin janareto yana hawa yana sauka duk lokacin da aka kunna firji ko dutsen guga. Inbata da UPS masu arha kuma ba sa fitar da wuta mai santsin lanƙwasa irin ta kamfani, tasu mai matakala ce, kuma wasu akwatunan zamani masu gyara jan wuta da kansu ba sa jituwa da ita: wani ya yi ta zuga kamar ƙudan zuma, wani ya mutu daidai lokacin da aka ɗauke wuta, wato daidai lokacin da aka sayi UPS ɗin dominsa. Tsohuwar ƙa'idar ATX ta tanadi cewa akwati ya iya riƙe kwamfuta na kimanin kashi 16 cikin 1000 na daƙiƙa bayan yankewar wuta, don UPS ya samu ya karɓa, kuma girman babbar kafasita ne yake ba da wannan, wadda ita ma tana cikin abin da ake ƙanƙantawa don rage farashi. Wanda ya rage daga wat 1000 zuwa 650, rarar kuɗin ta fi amfani a wajen UPS mai santsin wuta da abin kare tsawa.

A kan na hannu ba zan tsawaita ba. A kasuwar gwanjo ta Haraj bin Ƙasim da dandalin saye da sayarwa na waya ana samun manyan akwatuna da araha mai jan hankali. A tuna cewa har zuwa Satumbar 2022, lokacin da Ethereum ya daina dogaro da katunan hoto, ɗimbin irin waɗannan akwatuna sun yi shekaru suna aiki dare da rana wajen haƙar kuɗin intanet, kuma tsufan kafasita ba ya nunawa a fuska. Kati na hannu ana iya gwada shi a gani. Akwatin wuta kuwa zai kunna lafiya a gabanka ko da saura masa wata guda. Garantin shekara 10 da Corsair da Seasonic suke bai wa manyan samfuransu shaida ce mai kyau ta yadda suka yarda da kayansu, kuma ni na fi ba ta nauyi a kan tambari, amma a tambayi mai shago wane ne zai karɓi kayan idan ya lalace, kuma a sani cewa daga Katsina ba a cika samun hanyar mayar da shi ba.

Wani abu da ya halaka kwamfutoci da yawa a ɗakunan ɗalibai shi ne aron waya. Akwatunan da ake cire wa wayoyi a mayar, bakin da ke shiga kati ko allo iri ɗaya ne ko'ina, amma bakin da ke shiga jikin akwatin kowane kamfani da yadda ya jera nasa, wani lokaci ma samfuri biyu na kamfani ɗaya sun saɓa. Wayar abokinka za ta shige daram, ta aika bolt 12 inda ake jiran 5, ta ƙone ma'adanar da kundinka yake ciki. Mai sabuwar waya ta manyan katunan Nvidia kuma, irin wadda aka yi ta samun rahoton narkewarta a RTX 4090 tun ƙarshen 2022, ya danna ta har sai ta shige ƙarshe, kada ya lanƙwasa ta dab da baki don gilashin gefe ya rufu. Idan lokacin tafiya gida ya zo, a zare katin hoto a naɗe shi daban, a tattara ragowar wayoyin akwatin a jakarsu ta asali, a rubuta sunan samfurin a jiki, domin a titin Beirut na Kano ba lallai a sami irinsu ba. Filogin dai ba sai an canza ba, mai ƙafa uku irin na Ingila da ake amfani da shi a nan shi ne na Najeriya. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram ne za su nemi mahaɗi mai ƙafa biyu, kuma su tabbata yana da hanyar ƙasa.